Turken Ƙarfe

Ni dai ban taɓa musun cewa ina da zuciya ba. An ce Gobir gidan faɗa, to ni a tsakar gidan aka yanke mini cibiya. Amma ranar da na sa wa bayin gidana kwaɗo, wallahi gani nake ni ke da gaskiya, kuma da a ranar ka tare ni a kasuwar Sabon Birni ka tambaye ni dalili, da sai ka gaji da ji.

Sunana Maliki, kayan babur nake sayarwa. Gidan nan da gumina na gina shi, kuma a duk cikinsa babu abin da nake taƙama da shi kamar bayin. Ba salga ba ce irin ta kowa da kowa. Bayi ne na zamani mai tayil, da tankin ruwa a sama, ka danna ruwa ya tafi da komai ta bututun roba da aka binne a ƙasa, har zuwa sokawe, wato rufaffen ramin da ke bakin ƙofar gida. A duk layinmu gida uku ne kawai ke da irinsa. Lokacin da aka binne bututun ina Legas wajen saro kaya. Na dawo na tarar an gama an mayar da ƙasa, maginin kuma daga baya ya koma Nijar abinsa. Ban taɓa tambayar ta inda bututun ya bi ba. Na ɗauka gefen katanga ya bi, don da ni ne mai aikin ta nan za ni bi da shi.

A tsakiyar bazara yayata Zainaba ta iso daga Gatawa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma a bayanta na tashi, don mahaifiyarmu ba ta daɗe ba bayan haihuwata. Mijinta ya jima da rasuwa, ɗanta guda yana can Kudu wajen nema. Mutanen daji sun shiga unguwarsu sun kwashe abin da suka kwashe, ita kuma ta fito da surukarta Ikramu, da jikokinta mata uku, da wani jan sa mai farin goshi da Allah ya tsare a bayan rumbu. Da hannunta ta jawo shi har ƙofar gidana. Na karɓe su, na ba su ɗaki biyu, matata Sadiya ta ɗora tukunya. Wannan ko maƙiyina zai shaida.

Washegari maganar inda za a ɗaure san ta taso.

"Maliki, ka bari in kai shi can gindin darbejiya," in ji Yaya. "Turken icce ya ishe shi."

Na ce a'a. Darbejiyar tana can bayan ɗakuna, kusa da katangar baya, na ce ɓarawo zai iya haurowa ya kwance shi muna barci. Tsakar gida nake so, daidai tagar ɗakina. Abin da ban faɗa ba shi ne san ya shiga raina. Ina son duk wanda ya yi sallama ya shigo ya fara cin karo da shi, ya ɗauka nawa ne. Na je wajen maƙeri ya fiƙe mini wani tsohon ƙarfen mota mai tsawo har ƙuguna, ya lanƙwasa masa zobe a ka. Na zo da shi da guduma na tsaya inda na zaɓa.

Yaya ta share wurin da ƙafa, ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza a tafin hannunta.

"Ƙasag ga an taɓa tona ta," ta ce. "Dibi laushinta, kuma ga ja ta hau bisa baƙa. Akwai abin da anka ruhe nan ƙasa."

"Yaya, nan birni na, ba gonag Gatawa ba ta. Ki bar ni da gidana."

Ta kakkaɓe hannu ta miƙe. "To. Mai ɗaki shi ya san inda ke mai yoyo."

Na hau dukan ƙarfen. Wajen bugu na bakwai na ji wani abu ya ce ƙwas a can ƙasa, ƙarfen ya nutse kamar taƙi guda shi kaɗai. Na ce marmara ce na fasa, na ƙara masa bugu uku don ya zauna daram. Na yi wa san rumfa ta zana, na sayo masa harawa da dusa, kullum kafin in fita kasuwa sai na shafa goshinsa.

Wata guda aka yi lafiya. A na biyu ruwan bayi ya fara nawa. Ka danna, ya taso har baki, ya tsaya yana kallonka, sannan ya sauka a hankali yana wani irin kuka. Sai wari ya biyo baya, irin wanda ko turaren wuta ba ya kashe shi. Gindin turken kullum a jiƙe yake, na ce fitsarin sa ne, na sa aka zuba yashi. Daga nan damshi ya kama katangar gabas, ya ratsa ta ya fita ɗaya gefen.

Ɗaya gefen kuwa makarantar Malam Nasiruddeen ce, wadda ya gada daga ubansa, ubansa daga kakansa. A gindin wannan katangar ɗalibansa ke zama. Ni da shi ba ma ga maciji tun wata rigima da muka yi a kan indararo, kuma yana da wata magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, da ke ƙara mini zafi fiye da zagi. A ƙofar masallaci ya tare ni bayan azahar, mutane suna sa takalma.

"Malam Maliki, najasar gidanka tana shigo min makaranta. Ɗiyan mutane na zaune da allo bisa ƙahwa, ƙasa na tsattsahe da ruwan bayi. Na ɗauke tabarmi sau ukku."

"Wa ac ce ma ruwan gidana na?"

"Hancina."

Wani ya yi dariya a bayana. Har yau ban san ko waye ba, kuma Allah ya taimake shi da ban sani ba.

"In ba a gyara ba," Malam ya ci gaba, "za ni kai magana ga mai unguwa, shi kira duba-gari."

Ni Maliki, mai bayin tayil, a ce duba-gari zai shigo mini gida kamar wani mai sayar da rubabben nama. Na ɗauko leburori biyu, suka buɗe ɗan ramin siminti mai murfi da ke bayan bayin, inda bututun ya faro, suka zura doguwar rodi. Ta shiga ta shiga, sai ta tokari wani abu ta tsaya. Suka yi ta zungura har gumi ya jiƙa su, suka ce akwai abin da ya tsaya a ciki mai tauri, sai dai a tone gidan gaba ɗaya a nemo shi. Rabin tsakar gidan siminti ne da na shafe da kaina. Na ce ba mai sa mini diga a gida.

Ban ga totuwa ba. Ko guda ban gani ba. Amma a take na san totuwa ce, sani irin na mai fushi, wanda ba ya bukatar shaida. Shekara shida bayin nan yana aiki, bai taɓa tari ba sai da mutanen ƙauye suka sauka. Na tuna yadda muke yi muna yara a bayan gari, da totuwar masara da hoge da duk abin da hannu ya kai gare shi. Sadiya ta ce in bincika tukuna. Na ce ta shiga ɗaki.

Na iske Yaya tana surfe a gindin darbejiya.

"Yaya, mi kuka zubawa cikin bayin ga?"

"Abin da kowa ka zubawa."

"Totuwa kuka zubawa. Da tsumma, da dutsi. Kun ɗauka salgag Gatawa ta. Kun toshe min gida, kun sa ana yi min dariya bakin masallaci."

Ta ajiye taɓarya a hankali ta jingina ta da turmi. Ikramu da ke bakace ta tsaya cak da faifai a hannu.

"Maliki, ni da niw wanke ma kashi kana jinjiri, yau kai za ka koya min tsarki?"

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ni kuwa maganar ce ta ƙara tunzura ni, don a gaban surukarta ta faɗe ta, kuma gaskiya ce. Na ce baƙo raɓa ne, kuma raɓar nan ta daɗe. Na ce su nemi wuri kafin Juma'a ta sama. Na shiga ɗaki na ɗauko kwaɗon da nake rufe shago da shi na maƙala wa ƙofar bayin, mabuɗi ɗaya a aljihuna, ɗaya wajen Sadiya. Na ce daga yau iyalina kaɗai, in ga ko zai ci gaba da toshewa.

Bai daina ba. Da mu biyar muke shiga, da mu goma, duk ɗaya ne, ruwan ya taso ya tsaya yana kallona. Abin da ya canja kawai shi ne kowace safiya yayata, mace mai furfura, za ta ɗauki buta ta fita ta ƙofar gidana, jikokinta a bayanta, su shiga gidan Malam Nasiruddeen, don matarsa ta buɗe musu salgarsu. Mai shayi na gani, masu kai yara makaranta na gani. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma ni kunya ba ta daɗewa a cikina sai ta koma fushi. Na ce da gangan take yi don ta tona mini asiri. Kwana biyar ba mu gaisa ba, muna gida ɗaya.

Ranar Talata Malam ya yi sallama a shagona. Bai zauna ba, ni ma ban ce ya zauna ba.

"Akwai wani Almu can Isa, mai gyaran hwamho na. Ya yi aiki Sakkwato shekaru. Shina da kyamara wadda aka turawa cikin bututu, ta nuna abin da ke ciki ba a tona ko'ina ba. Na yi mai waya."

"Da izinin wa?"

"Da izinin katangata. Kuma ba a korar mutum bisa zato, Malam Maliki. Bari a gani."

Na so in ce ya fita mini daga shago. Sai na yi wani tunani, na ji daɗi har cikin raina. In kyamara ta nuna totuwa a gaban kowa, bakin Malam ya mutu, na Yaya ya mutu, na unguwa ya mutu.

"A kawo shi," na ce. "Kuma ka zaka da kanka, ka taho da duk wanda kaka so. Gani ya kori ji."

Ranar Alhamis da hantsi, ranar da babu karatu, Almu ya iso a kan babur da baƙar akwati ɗaure a baya. Mutum ne siriri mai ɗan furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya gaisa, ya tambayi inda bayi yake da inda sokawe yake, ya tsaya yana duban tsakanin su biyun na ɗan lokaci. Malam ya zo da maƙwabta biyu. Sadiya da Ikramu suka tsaya a bakin madafa. Yaya tana zaune ƙofar ɗakinta a kan ƙullin kayanta, don tun jiya ta gama ɗauri.

Almu ya sa safar roba, ya ɗaga murfin ramin bayan bayi, ya kwashe abin da ya taru da gwangwani ya zuba a bokiti, ya jira ruwan ya ja baya. Sannan ya buɗe akwatin. Kyamarar ba ta kai ƙwan zabo ba, da 'yan fitilu zagaye da idonta, a bakin wata doguwar waya mai tauri da aka naɗe kamar gammo. A murfin akwatin akwai gilashi irin na talabijin, faɗinsa kamar littafi, da lambobi a kusurwa masu ƙirga tsawon wayar da ta shiga.

"Yaya," na ɗaga murya, "zaka ki gani da idonki, kak ki ce an yi miki ƙage."

Ban zaci za ta taso ba. Ta taso, ta zo ta tsaya a bayan Almu ta harɗe hannuwa a baya kamar mai duba shuka.

Ya zura kyamarar. Gilashin ya yi duhu, sannan ya washe, sai ga cikin bututun gidana, wurin da ban taɓa tsammanin ido zai shiga ba. Rami ne zagayayye mai launin toka, baƙin ruwa kwance a ƙasansa, kyankyasai suna gudun haske. Maƙwabtan suka matso suna toshe hanci. Mita ɗaya. Almu yana turawa a hankali da yatsu biyu. Kafin mita biyu hoton ya juya.

"Ya yi kwana hagu," in ji shi. "Ya bar katanga, ya miƙe tsakar gida."

"Ba haka na ba. Gehen katanga yab bi."

"Maigida, ni abin da nig gani nika hwaɗi."

Mita uku, mita huɗu. Ruwan da ke ciki ya fara zurfi. Ina ta zuba ido in ga totuwa, har idona ya fara ƙirƙiro ta a kowane ɗan duhu. A mita biyar wani abu fari-fari ya bayyana kwance a ƙasan bututun, kyamarar ta fara hawa kansa da ƙyar.

"Rairayi na," in ji Almu. "Wanga ba ta bayi yas shigo ba, daga bisa yaz zubo. Bututun ya hwashe nan gaba."

Ya ƙara turawa, wayar ta lanƙwashe a hannunsa, ya murza ta ta wuce. A mita shida da rabi kyamarar ta tsaya. A tsakiyar gilashin ga wani abu baƙi, dogo, ƙazanta ta naɗe shi.

"Ga ta nan," na ce, har ina taka ƙafar Malam. "Ku diba da kyau. Yaya, kin gani?"

Almu ya matso da ido kusa da gilashin. Ya ce a ba shi ruwa, Ikramu ta kawo bokiti biyu, ya kwarara a ramin. Muka ga ruwan ya iso cikin gilashin ya rufe komai, sannan ya ja baya a hankali, ya tafi da abin da ya naɗe a jiki. Hoton ya fito tas. Abin a tsaye yake, ya shigo ta saman bututun ya fita ta ƙasansa, robar ta tsage ta kowane gefe, yashi yana zubowa ta tsagar. Jikinsa ja ne da baƙi.

"Totuwa ba ta tsayuwa tsaye," in ji Almu, "kuma ba ta tsatsa. Ƙarhe na."

"To wani ya jehwa ƙarhe ciki."

"Ƙarhen ga ba shi shiga ta bakin bayi, ba shi kuma yin kwanar da munka wuce. Daga bisa anka kahwa shi. Shi at tare komi, ruwan kuma ta tsagag ga shika hita, shi bi ƙasa shi tahi katangar Malam."

Ya juya kyamarar hagu da dama ya duba duk abin da ya taru a wurin. Babu totuwa, babu hoge, babu tsumma. Na sa ya sake dubawa, ya sake, babu.

Sai ya ɗaura wani ƙyalle a jikin wayar daidai bakin ramin, ya jawo ta waje gaba ɗaya, ya wanke ta. Ya aza ƙyallen a bakin ramin, ya shimfiɗa wayar a ƙasa, ya yi kwanar da muka gani, ya nufi ƙofar gida inda sokawe yake. Muna biye da shi kamar masu rakiyar gawa. Tun kafin ya kai na san inda za shi, ina roƙon Allah wayar ta ƙare kafin nan ko ta wuce. Ba ta yi ko ɗaya ba. Kan kyamarar ya kwanta tsakanin ƙafafun jan sa, ya taɓa gindin turken. San ya sunkuyo ya shinshine shi.

Malam ya gyara murya ya ce, "Laihi tudu na," bai ƙarasa ba, kuma rashin ƙarasawar ya fi mini ciwo. Maƙwabtan nan biyu suka shiga kallon sama kamar masu neman hadari.

Na ce maginin banza ne, wa ya ce ya bi da bututu ta tsakar gida. Almu ya ce maginin daidai ya yi, bututu hanya miƙaƙƙiya yake so. Na ce ai da ya sa alama. Na juya ina neman inda za ni sauke abin da ke cina, idona ya faɗa kan Yaya, kuma abin da ya fito daga bakina har in mutu ba za ni manta da shi ba.

"Ai san ki na. Da ba ki zaka da shi ba, da duk wanga bai hwaru ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba fushi a fuskarta, wanda da shi ne da ya fi mini sauƙi.

"Sa nau na," ta ce. "Turke naka na."

Ta koma ta zauna a kan ƙullin kayanta.

Mutum huɗu suka taru kafin turken ya fito, don na kafa shi da gaske. Almu ya tona wurin kaɗai, rami bai fi tsawon tabarma ba, ya yanke inda ya fashe ya sa sabo ya liƙe, ya sake zura kyamarar har sokawe don ya tabbatar babu saura. Ko simintina bai taɓa ba. Kafin la'asar an mayar da ƙasa. Ya tambaye ni ko ina son ya tura mini hoton a waya, wai masu gida kan so su ajiye. Na ce ya goge.

Da mutane suka watse na cire kwaɗon na jefa a aljihu. Na daɗe ina zagaye tsakar gida ina gyara abin da bai lalace ba. Kalma biyu ce, yi haƙuri, na san su, ina faɗa wa masu sayen kaya su kullum in sun zo ba su samu abin da suke nema ba. Amma da na tsaya a gabanta sai suka maƙale.

"Yaya, an gyara bayi. Ku kwance kaya."

"Juma'a kac ce. Gobe Juma'a."

"Na janye."

"Maliki, zamna." Na zauna a bakin dakali kamar yaro. "Ina tambayarka. Da abin ga ya nuna totuwa hwa? Ɗiyan ga ƙanana na, ta yiwu wata ta jehwa guda ban gani ba. Da ya nuna ta, yanzu muna ina?"

Na sa hannu a aljihu ina juya kwaɗon.

"Da muna titi, kana bakin masallaci kana ba da labari. Ke nan zamanmu gidan ga, totuwa guda at tsakaninmu da waje. Ni ba ni iya kwana bisa wanga. Ruwa ya sauka, gona na jirana."

"Gatawa ba lahiya. Kin hi kowa sani."

"Na sani. Amma can in anka kore ni, na san ba ɗan'uwana na yak kore ni ba."

A nan ya kamata in durƙusa. Sadiya tana bakin ƙofa tana yi mini alama da ido, hawaye na zubo mata. Ni kuwa sai zuciyar nan tawa ta taso, ta ce mini ai ka janye, ka cire kwaɗo, me kuma take so, ka kwanta ta taka ka? Na miƙe na kakkaɓe riga.

"To ki tahi. Ba a tilasta ma kowa zama."

Da safe, bayan an dawo daga masallaci, na ga ana fitar da kaya. Ba tasha aka nufa da su duka ba. Ikramu da yaran uku gidan Malam Nasiruddeen suka shiga. Ashe tun ranar da na sa kwaɗo matarsa ta share musu ɗaki, Malam ya ce yaran su zauna su yi karatu har ubansu ya dawo. Ikramu ta durƙusa ta ce, "Kawu, mun gode da riƙo," kuma da zagina ta yi da ya fi mini daɗi. Yaya kaɗai ce za ta Gatawa, da ƙulli ɗaya, da buhun iri rabi, da kalmen noma.

Na ga ba ta nufi wajen san ba, wanda tun jiya yake ɗaure da igiya a jikin tagata.

"San hwa?" na ce. Ita ce maganar da na iya yi mata.

"Hanya ba ta barin mai sa. Ka riƙe shi." Ta ɗora ƙullin a ka. "Shi dai na ga ka iya riƙonai."

Ta fita. Ban raka ta tasha ba, Sadiya ce ta raka ta.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Na kai san gindin darbejiya na kafa masa turken icce, kuma ya ishe shi. Katangar Malam ta bushe, an mayar da tabarmi, ina jin muryar jikokin Yaya a cikin masu karatu ta bayan katanga. In sun gan ni a ƙofa sukan gaishe ni da ladabi su wuce, ba su shigowa. Bayin yana aiki kamar ranar da aka gina shi, ka danna ruwa ya tafi ko tari babu, kuma ba na shiga in fito ban tsani kaina ba.

Kowace ranar kasuwa nakan bar shago in je tasha in tsaya wajen masu baburan Gatawa, ni da ban iya tambaya ba, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya wani ya ce ya hango ta a gona ita kaɗai tana shuka. Wannan makon ba wanda ya zo daga can, an ce hanyar ba ta biyuwa. Kalmomin nan biyu yanzu sun sauko, suna nan a bakina tun safe har dare. Jiya sau huɗu na kira ta, wayar a kashe take.